Gawa a ɗaki, shayi a kan tebur: fahimtar labaran bincike masu sanyi

A ƙarshen watan Agusta na 2025 kamfanin Netflix ya saki fim ɗin The Thursday Murder Club, wanda aka ɗauko daga littafin da Richard Osman, wani mai gabatar da shirye-shiryen talabijin a Birtaniya, ya fitar a 2020. Labarin tsofaffi huɗu ne da ke zaune a wata unguwar 'yan fansho a kudancin Ingila: tsohuwar jami'ar leƙen asiri, tsohuwar nas, likitan ƙwaƙwalwa mai suna Ibrahim, da wani da ya ƙare ƙuruciyarsa a gwagwarmayar ƙungiyar ƙwadago. Duk ranar Alhamis sai su haɗu a ɗaki ɗaya, su baje takardun tsofaffin kashe-kashen da 'yan sanda suka kasa warwarewa, suna nazari suna cin kek. Ana cikin haka aka kashe wani mutum a kusa da su, wasa ya koma gaske.

Wanda bai saba da irin wannan labari ba dole abin ya ɗaure masa kai. An kashe mutum, amma babu tsoro. Ana raha, ana shan shayi, wata tsohuwa tana neman wanda za ta ƙarasa rayuwa da shi, kuma masu sayar da littafin suna tallarsa a matsayin abin karantawa don hankali ya kwanta. Ta yaya kisan kai zai kwantar da hankali? Amsar tana cikin tarihin wani reshe na adabi da ya kusa shekara ɗari, mai ƙa'idojinsa da kasuwarsa da masu sukarsa.

## Sunan da abin da ke ƙarƙashinsa

Amurkawa suna kiran wannan reshe cozy mystery, mutanen Birtaniya kuma cosy crime. Kalmar farko tana nufin daɗin da mutum ke ji idan ya shige ɗaki mai ɗumi ana tsananin sanyi a waje, kuma da ita suke kiran 'yar hular ulu da ake kifa wa butar shayi don kada ya huce. A ƙasar da rana ke dukan mutane ba ɗumi ake nema ba. Bahaushe idan hankalinsa ya kwanta cewa yake ransa ya yi sanyi. Don haka "labarin bincike mai sanyi" ya fi kusa da ma'anar, kuma da shi za a yi amfani a nan.

Abin da ya bambanta shi da sauran labaran laifi wani alkawari ne da ba a rubuta ba tsakanin marubuci da mai karatu. Mai binciken yawanci ba ɗan sanda ba ne. Mace ce a mafi yawan littattafan, mai shagon burodi ko mai kula da ɗakin karatu ko bazawarar da ta yi ritaya, wadda sana'arta ke kai ta gidaje kuma ke kawo mata mutane. Wurin ƙarami ne, ƙauye ko unguwa ko otal ɗin da ruwa ya yanke wa hanya, inda kowa ya san kowa, kuma waɗanda ake zargi ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba. Kisan ba ya faruwa a gaban mai karatu. Ana tarar da gawa ne kawai, ba a kuma tsaya ana kwatanta jini da rauni. Ba a taɓa ƙananan yara, ba a azabtar da dabbobi, babu batsa, babu ashar mai nauyi. Mamacin sau da yawa mutum ne da ya ɓata wa rabin gari rai, abin da ke ba mutane da yawa dalilin kashe shi, ya kuma rage wa mai karatu zafin rashinsa. A shafukan ƙarshe dole a san wanda ya yi, da yadda ya yi, da dalilinsa.

Akwai taron masoya wannan adabi mai suna Malice Domestic da ake yi duk shekara a kusa da birnin Washinton tun 1989, inda ake ba da lambar yabo ta Agatha. Sharaɗinsu a taƙaice shi ne kada littafi ya ƙunshi bayyana jima'i a fili, ko zubar da jini da ya wuce kima, ko tashin hankalin da labarin bai buƙata ba. Kyautar da ake miƙa wa wanda ya ci butar shayi ce.

Wannan ya raba shi da labarin aikin 'yan sanda, inda ake bin ofis da ɗakin gwajin gawa, ya kuma raba shi da labarin firgici, inda ake farautar jarumi mai karatu yana riƙe numfashi. A labari mai sanyi mai karatu ba ya jin tsoro. Wasa ƙwaƙwalwa yake yi, yana ƙoƙarin riga mai binciken gano makashi.

## Ingila bayan yaƙi

Tushen abin yana shekarun da ke tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, lokacin da ake kira zamanin zinare na labarin bincike. Birtaniya ta rasa sojoji fiye da 700,000 a yaƙin farko, da wuya a sami dangin da ba su yi makoki ba. Mutanen da suka ga mutuwa ta ɗibi samari babu dalili babu bayani sun karɓi labarin da mutum ɗaya tak ke mutuwa, mutuwarsa tana da dalili, kuma hankali yana iya gano dalilin. Wata masaniyar adabi, Alison Light, ta kira rubutun wannan zamani adabin murmurewa, irin abin da mai jinya ke iya haɗiyewa.

Agatha Christie, wadda aka haifa a 1890, ta yi aiki a ɗakin haɗa magunguna na asibiti lokacin yaƙin, a can ta san guba iri-iri. Wannan ya sa guba ta yi yawa a littattafanta 66 na bincike, kuma guba ta dace da salon: ba ta buƙatar ƙarfi, ba ta barin jini, kowa a gidan yana iya zuba ta a kofi. A 1927 ta ƙirƙiro Miss Marple a wani gajeren labari, sannan ta ba ta cikakken littafi a 1930, The Murder at the Vicarage, inda aka harbe wani kanar da mutanen ƙauye ba sa ƙauna a ɗakin karatun limamin coci. Miss Marple tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, tana saƙa, tana gyaran lambu, tana sauraron tsegumi. Dabararta ita ce kwatance: duk wanda ta gani sai ya tuna mata da wani mahauci ko wata 'yar aiki da ta sani a ƙauyensu, domin a ganinta halin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. 'Yan sanda suna raina ta, makashi ma yana raina ta, kuma wannan raini shi ne makaminta. Kusan duk jaruman da suka biyo baya 'ya'yanta ne ta wannan fuska.

Marubutan lokacin sun ɗauki abin kamar wasa mai doka. A 1929 wani limamin Katolika, Ronald Knox, ya rubuta dokoki goma. Daga cikinsu: dole makashi ya kasance wanda aka ambata tun farkon labari, ba a warware matsala da tsafi ko gaibu, ba a kawo gubar da ilimi bai sani ba, mai bincike ba ya dogara da sa'a, kuma duk alamar da ya gani dole a nuna wa mai karatu ita. An yarda marubuci ya yi ɓad-da-sawu, ya jefa alamun da za su karkatar da zargi kan wanda bai ji ba bai gani ba, amma ba a yarda ya ɓoye hujja ba. A 1930 suka kafa ƙungiya a Landan mai suna Detection Club, G. K. Chesterton ya zama shugabanta na farko. Da kamfanin Penguin ya fara buga littattafai masu bangon takarda a kan sisi ɗaya a 1935, akwai na Christie da na Dorothy L. Sayers a cikin goman farko, kuma daga nan labarin bincike ya shiga aljihun ma'aikaci da matafiyin jirgin ƙasa.

## Yadda soyayya ta shigo bayan an kore ta

Mai karatun yau yana ɗaukar soyayya a matsayin sinadarin da ba a rasawa a waɗannan littattafai, alhali da farko haramta ta aka yi. A 1928 marubucin Amurka S. S. Van Dine ya fitar da nasa dokoki ashirin, ɗaya daga cikinsu ta ce kada a saka soyayya ko kaɗan, domin aikin labarin shi ne kai mai laifi gaban shari'a, ba kai masoya wurin ɗaurin aure ba. Hujjarsa tana da ƙarfi. Idan mai karatu ya ga saurayi da budurwa suna son juna, nan take zai cire su daga zargi, kacici-kacicin ya ragu da mutum biyu.

Sayers ce ta karya wannan doka da gangan, kuma ta ɗauki shekara bakwai tana karya ta. A littafinta Strong Poison na 1930, jaruminta Lord Peter Wimsey ya ga wata marubuciya, Harriet Vane, a gaban kotu ana tuhumarta da ba tsohon masoyinta guba. Ya wanke ta, ya nemi aurenta, ta ƙi. Dalilin ƙin shi ne abin da ya ba labarin nauyi: ba ta son auren da aka gina a kan bashin godiya. Ba ta amince ba sai a ƙarshen Gaudy Night na 1935, littafin da babu ma kisan kai a cikinsa, wasiƙun ɓatanci ne ake bincike a wata kwalejin mata a Oxford. A 1937 ta rubuta labarin amarcinsu, ta kuma rubuta a ƙarƙashin sunan littafin cewa labarin soyayya ne da bincike ke katsewa. A can ne ma Wimsey ya fashe da kuka a safiyar da za a rataye mutumin da shi ya tona, abin da ke tuna wa mai karatu cewa a Ingila ta wancan lokaci ƙarshen wasan igiya ce, domin sai 1965 aka dakatar da hukuncin kisa kan laifin kisan kai.

Abin da Sayers ta gano, kasuwa ta mayar da shi tsari. Waɗannan littattafai jeri-jeri ake rubuta su, wani jerin ya haura littafi ashirin ko talatin. Kisan da ke cikin kowane littafi yana ƙarewa a cikinsa, saboda haka ba shi ke dawo da mai karatu ba. Abin da ke dawo da shi tambayar da aka bari a buɗe ce: shin za ta amince? Wa za ta zaɓa? Joanne Fluke ta fara jerin Hannah Swensen a 2000, mai shagon kayan zaƙi a wani ƙaramin gari a jihar Minnesota, ta bar ta tsakanin ɗan sanda da likitan haƙori shekara da shekaru, sannan a 2016 ta aurar da ita ga wani na uku.

Akwai kuma dalili na aiki. Mai shagon burodi ba ta da ikon ganin rahoton likita ko sanin abin da wanda ake zargi ya faɗa a ofishin 'yan sanda. Idan manemin aurenta ɗan sanda ne, ƙofa ta buɗe. Yana gargaɗinta ta fita daga maganar, tana ƙi, suna saɓani, suna shiryawa, kuma a tsakanin haka bayanai suna zubowa. Soyayyar tana tafiya a hankali, da kunya, kuma marubuci yana rufe ƙofar ɗaki kafin a ga abin da bai kamata ba. Jaruman ma sau da yawa ba yara ba ne. Zawarci ne na mutanen da suka haura arba'in ko sittin, waɗanda suka taɓa rasa miji ko mata, abin da labaran soyayya na samari ba su cika kulawa da shi ba.

## Abin da ake yi wa dariya

Dariyar ba a kan mamaci take ba, a kan masu rai take: son girma, gasar maƙwabta, ƙaryar arziki, kwamitin coci da ke rigima kan wa zai yanka kek. Misali mai kyau shi ne littafin farko na jerin Agatha Raisin, wanda M. C. Beaton ta fitar a 1992. Wata 'yar kasuwa ta bar Landan ta koma ƙauye, tana son a san da zamanta, sai ta sayo abinci a shago ta shigar da shi gasar girki da sunan ita ta dafa. Alƙalin gasar ya ci ya mutu. Don ta wanke kanta daga zargin kisa dole ta tona wa kanta asiri cewa ta yi maguɗi. Abin dariyar da abin binciken igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma a nan ake gane ƙwararren marubuci: rahar tana ɓoye alama. Mai karatu yana dariyar wata magana, bai lura cewa a cikinta aka faɗa masa wanda ya yi kisan ba.

## Amurka ta mayar da shi sana'a

Ingila ta haifi salon, Amurka ta yi masa kasuwa. Lilian Jackson Braun ta fara jerin ɗan jarida da kyanwowinsa a 1966, ya kai littafi 29. Shirin talabijin na Murder, She Wrote, wanda Angela Lansbury ta fito a matsayin bazawara marubuciya a wani garin bakin teku, ya gudana daga 1984 zuwa 1996, kashi 264. Daga wajen 1990, da littattafan Diane Mott Davidson, labarin bincike mai ɗauke da tsarin girki a tsakanin babi-babi ya zama reshe mai zaman kansa. Bayansa aka sami na saƙa, na lambu, na shagon littattafai, na masu kiwon karnuka, har da na mayu da fatalwa, wanda ya yi watsi da dokar Knox gaba ɗaya. Mai karatu yana zaɓar jerin da ya dace da abin da yake sha'awa, kamar yadda ake zaɓar majalisar da za a zauna.

Intanet ta ƙara wa abin gudu. Tun 2015 tsarin Kindle Unlimited na kamfanin Amazon yake biyan marubutan da ke buga littattafansu da kansu gwargwadon shafukan da aka karanta. Wannan ya fifita gajerun littattafai masu fitowa a kai a kai da jarumi ɗaya, wato daidai siffar labari mai sanyi. Sakamakon biyu ne: ƙofa ta buɗe wa marubutan da manyan kamfanoni ba za su kalla ba, kuma kasuwa ta cika da littattafan da aka rubuta cikin gaggawa, masu kama da juna kamar an zuba su a ma'auni ɗaya.

Littafin Osman ya fito a watan Satumba na 2020, ana tsakiyar annobar korona, tsofaffi suna mutuwa a gidajen kula da su, mutane suna kulle. Labarin tsofaffin da ke da abokai da wayo da abin yi ya faɗo a kan gaɓa. Kamannin wannan da abin da ya faru bayan yaƙin farko a bayyane yake, ko da yake farin jinin marubucin a talabijin ma ya taimaka wa cinikin.

## Masu suka da masu karewa

Sukar ta tsufa kusan kamar salon. A 1944 Raymond Chandler, marubucin labaran laifi na titunan Los Angeles, ya rubuta maƙala yana cewa labarin bincike irin na Ingila ƙage ne da bai san yadda ake kisa a duniya ba. Ya yaba wa takwaransa marubucin Amurka Dashiell Hammett da cewa ya mayar da kisan kai hannun mutanen da ke yin sa don wani dalili, ba don kawai a samar wa labari gawa ba. A 1945 mai sharhin adabi Edmund Wilson ya tambaya a taken wata maƙalarsa: wa ya damu da wanda ya kashe Roger Ackroyd? Yana nufin mamacin wani shahararren littafin Christie. A 1971 marubucin Birtaniya Colin Watson ya ƙara da zargin nuna fifikon aji: ƙauyen da ke cikin waɗannan littattafai na masu hali ne, 'yan aiki ba su da murya, baƙo abin zargi ne. Wannan zargi bai mutu ba, domin a 2023 an ruwaito cewa kamfanin HarperCollins ya gyara wasu kalaman ƙabilanci a sababbin bugun littattafan Christie, abin da ya jawo wata muhawarar kan ko ya halatta a taɓa rubutun wanda ya mutu.

Suka mafi nauyi ita ce ta ɗabi'a. Idan aka riƙa zana mamaci a matsayin mugu don kada mai karatu ya ji zafi, ana koya masa ne cewa akwai ran da bai kai a yi kuka a kansa ba. Babu uwa mai makoki, babu marayu, babu shari'ar da ke jan shekaru. Akwai kuma rashin yiwuwa: ƙaramin gari ɗaya a yi ta kisa duk wata, ba wanda ya yi ƙaura.

Masu karewa suna farawa daga mawaƙin Ingila W. H. Auden, wanda ya rubuta a 1948 cewa abin da mai karatu ke nema shi ne ganin al'ummar da laifi ya gurɓata ta koma cikin aminci bayan an ware mai laifin. A wannan fahimta gawar hanya ce ta buɗe asiran gari. Da zarar an fara tambayar ina kowa yake da ƙarfe tara na dare, sai bashi da cin amana da tsohuwar gaba su fito fili. Suna kuma cewa zargin rashin gaskiya bai cika daidai ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa cikin mata da 'yan mata kusan 85,000 da aka kashe da gangan a 2023, kimanin kashi 60 cikin 100 mazajensu ko masoyansu ko danginsu ne suka kashe su. Labarin da ke cewa makashi yana cikin gida, yana cin abinci tare da kowa, ya fi kusa da wannan gaskiya fiye da labarin baƙon da ke laɓe a lungu. Hujja ta uku ita ce ta waɗanda ake ba jarumta: tsofaffi, zawarawa, matan da ba a saurara musu.

Idan aka auna, kowane ɓangare yana kwatanta wani kaso na littattafan ne. Sukar ta dace da waɗanda aka rubuta don cika jeri. Karewar ta dace da irin na Osman, inda mijin ɗaya daga cikin jaruman ke fama da ciwon mantuwa kuma labarin bai kau da kai daga hakan ba, ko littafin Sally Andrew ta Afirka ta Kudu na 2015, wanda ya haɗa girki da soyayya da mutuwar matar da mijinta ke duka.

## Fita daga ƙauyen Ingila

A 1998 Alexander McCall Smith, wanda aka haifa a Bulawayo kuma ya koyar da shari'a a jami'ar Botswana, ya fitar da The No. 1 Ladies' Detective Agency. Jarumar, Mma Ramotswe, ta sayar da shanun da ta gada daga mahaifinta ta buɗe ofishin bincike a Gaborone. Yawancin abin da ake kawo mata ba kisa ba ne: mijin da ya ɓace, wanda ya zo yana cewa shi ne uban wata, ma'aikacin da ake zargi da zamba. Manemin aurenta bakanike ne. Wasu sun yaba da ganin Afirka da ba ta yaƙi da yunwa ba, wasu sun ce Bature ne ya zana Afirka mai laushin da Turawa ke son gani. Daga baya marubuta masu tushe a nahiyar Asiya sun karɓi salon: Ovidia Yu a Singafo daga 2013, Mia P. Manansala da gidan abincin Filipinawa a Amurka a 2021, Jesse Q. Sutanto da tsohuwa mai shagon shayi a unguwar 'yan Sin ta San Francisco a 2023. A harsunan Afirka ma akwai magabaci: Muhammed Said Abdulla na Zanzibar ya fara labaran mai bincike Bwana Msa da Swahili tun 1960.

## Mai karatu da marubucin Hausa

Ga mai karatu, amfanin farko na sanin wannan suna shi ne zaɓi. Uba ko malamar makaranta da ke neman littafin Turanci ko fim ɗin da babu tsiraici da zubar da jini za su fi samunsa a ƙarƙashin wannan reshe, sai dai a san cewa ma'aunin na Turawa ne: shan giya da zaman saurayi da budurwa ba aure abu ne da ake ambata ba tare da ɗaukarsa wani abu ba. Turancin yawancinsu mai sauƙi ne, babi gajeru, abin da ke taimakon mai koyo.

Ga marubuci, tambayar ita ce ko salon zai zauna a Hausa. Jarumar tana nan tuntuni. Dillaliya tana shiga gidan da namiji ba ya shiga, ta san wadda ta sayar da 'yan kunnenta a ɓoye da wadda ta ci bashi. Mai kitso tana jin abin da ba a faɗa a zaure. Ungozoma, uwar adashi, wanzami, mai shayin bakin titi, kowannensu yana da abin da Miss Marple ke da shi: ana magana a gabansu kamar ba sa nan. Soyayya mai kunya da zawarcin manya kuwa ba baƙon abu ba ne ga masu karanta littattafan Hausa.

Cikas ɗin yana wajen gawar. Musulmi suna binne mamaci cikin sa'o'i, ba kasafai ake gwajin gawa ba, saboda haka labarin da ya dogara da gano irin gubar da aka sha zai yi wuyar gaskatawa. Raha a kusa da zaman makoki ba ta da kyan gani. Zargin mutum da kisa ba tare da hukuma ba yana iya zama ƙazafi, kuma a inda ihun ɓarawo ke tara jama'a da duwatsu, labarin da ke ɗaukaka mai nuna yatsa yana buƙatar taka-tsantsan. Mafitar da Sayers da McCall Smith suka nuna ita ce a bar kisan. Kayan lefen da suka ɓace daren kai amarya, kuɗin adashin da suka yi ƙafa, takardar gonar da aka sauya bayan rasuwar mai gida, duk suna da waɗanda ake zargi ƙidayayyu da asiran da za su fito.

Akwai wahala ta fasaha kuma. Littafin da ake sakewa shafi-shafi a WhatsApp, marubuciya tana rubutawa tana jin ra'ayin masu karatu, yana iya sauya hanya a tsakiya. Labarin bincike ba ya yarda da haka. Dole a san makashi ko ɓarawo tun kafin a rubuta layin farko, a shuka alamun a babi na biyu da na biyar, sannan a hana kai warware matsalar da mafarki ko boka ko aljani, domin da zarar gaibu ya shigo, mai karatun da ya yi ta lissafi an cuce shi.

Masu tunanin fassara su lura da haƙƙin mallaka. A Amurka littattafan da aka buga a 1930, har da The Murder at the Vicarage, sun fita daga kariya ranar 1 ga Janairu 2026, bayan cikar shekara 95. Dokar Najeriya ta 2022 kuwa, kamar ta Birtaniya, tana ƙirga shekara 70 ne daga mutuwar marubuci. Christie ta rasu a 1976, don haka wanda zai buga fassarar Hausa ta littafinta a Kano ko Zariya kafin ƙarshen 2046 sai ya nemi izinin masu riƙe da haƙƙin.